Nazarin Lamari: Neman Kayan Injin da Suka Dace Wajen Farfaɗo da Volkswagen Beetle Ƙirar 1968

Motar da wannan nazari ya shafa Volkswagen Beetle ce mai injin 1500, wadda lambar jikinta, da ke buge a ƙarƙashin kujerar baya, ta fara da 118. A tsarin lambobin kamfanin na wancan zamani, 11 na nuna nau'in motar, 8 kuma na nuna ƙirar 1968, wadda aka fara ƙerawa daga watan Agustan 1967. Mai ita ya saye ta da niyyar mayar da ita yadda ta baro masana'anta, kuma sai da aka kammala aikin jiki da fenti sannan aka waiwayi inji. Injin yana tashi, amma yana hayaƙi, fitilar baƙin mai tana ƙiftawa idan ya ɗauki zafi ba a taka totur ba, kuma idan aka kama fulin kiranshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, da hannu biyu aka ja aka tura, ana jin sa yana bugawa gaba da baya. Duk bakaniken da ya san waɗannan injina ya san cewa wannan bugawar ba ta da magani sai an raba bulok, wato gangar jikin injin, gida biyu.

Tun kafin a sauke injin, mai motar ya riga ya yi odar kaya daga wani dillali da ke nesa, wanda tambaya ɗaya tak ya yi masa, wato shekarar motar. Aka aiko masa da fistin huɗu da silindarsu masu faɗin milimita 83, da metal, wato ɓawon ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a cikinsa, masu awon asali, da famfon baƙin mai, da famfon fetur, da farantin kuloci, da ƙunshin gasket. A takarda babu abin kushewa a wannan oda. Beetle 1500 ta 1968 tana fitowa ne da injin da lambarsa ke farawa da harafin H, mai girman cc 1493, faɗin silinda milimita 83, tafiyar fistin milimita 69, ƙarfin doki 44 a awon Jamus, da lantarki mai bolt 12. Dillalin ya bi littafinsa, littafin kuma bai yi ƙarya ba. Abin da babu wanda ya tambaya shi ne ko injin da ke bayan motar a yau shi ne wanda ta fito da shi daga masana'anta.

Wannan tambaya tana da nauyi a kan kowace tsohuwar mota, amma a kan Beetle nauyinta ya ninka. An ƙera guda 21,529,464 kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta ƙasar Meziko ranar 30 ga Yulin 2003, shekaru da dama bayan an daina ƙera mai rufin ƙarfe a Jamus a 1978. A duk tsawon wannan lokaci siffar injin ba ta sauya ba: silinda huɗu a kwance, biyu na kallon biyu, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto kuma babu ruwa. Cikinsa ne ya yi ta sauyawa kusan kowace shekara, sau da yawa da abin da bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Ɗauri huɗu kawai ke haɗa injin da akwatin giya, don haka musanya shi ya fi gyaransa sauƙi, kuma kamfanin da kansa ya daɗe yana gudanar da tsarin karɓar tsohon inji a ba da wanda aka sake ginawa, ana buga masa harafin X a ƙarshen lambarsa. Saboda haka motar da ta haura shekara hamsin tana hannun mutane daban-daban, shekararta ba ta faɗin komai tabbatacce game da abin da ke cikin injinta.

Abin da aka tarar

Da aka kankare baƙin mai da ƙurar da suka daskare a ƙasan ginshiƙin janareto, inda lambar inji take, sai harufan AD suka bayyana a maimakon H. Injin AD mai cc 1584 ne, faɗin silindarsa milimita 85.5, kuma ya fara fitowa ne da ƙirar 1971 da kawunan silinda masu ƙofar shigar mai biyu. Amma kawunan da ke kan wannan injin masu ƙofa ɗaya ne irin na 1968, kafireton Solex 30 PICT-2 ne, rumfar fanka, wato gwangwanin da ke lulluɓe fankar sanyaya injin, ita ma tsohuwa ce. Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne, a wani lokaci can baya bulok ɗin asali ya lalace, wani ya samo na baya-bayan nan ya kwashe kayan saman tsohon ya ɗora a kansa. Da aka kifa injin aka duba ƙasansa, sai ga manyan murafu biyu masu tsagar sukurudireba, shaidar cewa bulok ne mai bawul biyu na daidaita matsin baƙin mai, tsarin da ya shigo da ƙirar 1970, alhali na 1968 guda ɗaya gare shi.

Raba bulok ɗin ya ƙara fito da wasu abubuwa. Silindar da ke ciki masu milimita 85.5 ne. Giyar kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul da rufe su, mai zurfin tsakiya ce mai ƙusa huɗu, ba shimfiɗaɗɗiya mai ƙusa uku ta tsofaffin injina ba. Ramukan da metal ke zama a cikin bulok, waɗanda awonsu na asali milimita 65 ne, sun nuna 65.5, alamar an taɓa yanka su sau ɗaya. Wuyoyin kiranshaf, da suke milimita 55 a sabonsu, an riga an wasa su da milimita 0.25, kuma suna da zane-zanen da farce ke kamawa. Distiribita irin wadda aka fi sani da 009 ce, famfon fetur na injin altaneta ne duk da cewa janareto ke kan motar, tamostat da ƙyamaren iska da ke cikin rumfar fanka kuwa babu su sam, an cire an yar.

Shawarar da sai da aka yanke ta kafin sayen komai

A nan aikin ya tsaya, kuma tsayawar daidai ce, domin ba a iya yin odar ko noti ɗaya sai an san injin da ake son ginawa. Mai motar ya fara karkata ga neman bulok mai harafin H domin komai ya koma shekararsa. Bakaniken da ke aikin ya nuna masa cewa bulok ɗin da motar ta fito da shi ya tafi ke nan, duk wanda za a samo lambarsa ta wata motar ce, goge lamba a buga wata kuwa ha'inci ne ga duk wanda zai sayi motar nan gaba. Ya kuma tuna masa cewa da ƙarfen maganiziyam mai laushi aka yi waɗannan bulok, wanda shekaru da zafi ke gajiyar da shi: yana tsagewa a bayan silinda ta 3 ta wajen fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke ƙarshen kiranshaf, zaren dogayen ƙusoshin da ke riƙe kan silinda yana zarewa, kuma wanda ya fi tsufa ya fi yiwuwa an yanka shi sau da yawa. Bulok ɗin AD da ke hannu, da aka wanke shi aka bincika, bai nuna tsaga ba, hanyoyin mansa sun fi faɗi, kuma yana da sauran naman da za a yanka.

Aka tsaya a kan riƙe shi, tare da mayar da duk abin da ido ke gani da duk abin da ke tafiyar da halin injin zuwa na 1968. A ganina wannan ita ce shawarar da ta fi dacewa, amma tana da sharaɗi mai tsauri: daga wannan rana injin ya zama haɗin zamani biyu da saninsu, kuma kowane kaya sai an tambayi wane ɓangare yake bi, bulok ko kan silinda ko akwatin giya, kafin a saye shi.

Metal, inda mafi yawan wahalar take

Metal shi ne ɓawon ƙarfe mai laushi da kiranshaf ke juyawa a cikinsa, kuma a wannan injin awo uku ne ke bayyana shi, ba ɗaya ba. Na farko faɗinsa na waje, wanda ke bin ramin bulok. Na biyu faɗinsa na ciki, wanda ke bin wuyan kiranshaf. Na uku kaurin leɓen metal na farko, na kusa da fulawil, wanda ke rungume da kafaɗar bulok yana hana kiranshaf tafiya gaba da baya. Duk lokacin da direba ya taka kuloci wannan leɓe ne ke ɗaukar turin, kuma da tafiyar shekaru yakan cinye kafaɗar maganiziyam ɗin har metal ɗin da kansa ya riƙa motsi a mazauninsa. Bugawar da aka ji a fuli tun farko daga nan take fitowa. Wanda bai san wannan ba zai ƙara siririn zobe a bayan fulawil ya ɗauka ya toshe ɓarakar, alhali metal ɗin gaba ɗaya ne ke kai da komo.

Metal ɗin da dillali ya aiko na awon asali ne ta kowace fuska, don haka bai dace da ko ɗaya daga cikin ukun ba. Da an saka shi da zai yi lilo a ramin da ya fi shi faɗi da rabin milimita, kiranshaf kuma ya yi iyo a cikinsa, matsin baƙin mai ya zube nan take. Aka haɗa ɓari biyun bulok aka ɗaure su da ƙarfin da littafi ya ƙayyade, domin awon da aka yi a kan bulok ɗin da ba a ɗaure ba awon banza ne, sannan aka auna kowane rami ta fuskoki daban-daban. Ramin tsakiya ya nuna ya zama ƙwai, ba da'ira ba, kuma akwai kwancin bayan tsohon metal da yatsa ke ji. Ya zama dole a sake yanka ramukan zuwa milimita 66, a yanke kafaɗar daga 22 zuwa 21, a wasa kiranshaf zuwa ragin 0.50.

Matakin da bakaniken ya ɗauka a nan shi ne ya fi burge ni a duk aikin. Bai kai bulok wurin mai yanka ba sai da ya tabbatar akwai metal mai wannan haɗi na awo uku, ya yi odarsa, ya iso, ya auna shi, sannan ya miƙa shi tare da bulok da kiranshaf domin a yanka ƙarfe a kan metal ɗin da ke hannu. Ƙarfen da aka yanke ba ya komawa, kuma ba kowane haɗin awo ake samu a kowane lokaci ba. Akwai kuma wani tarko a wajen odar kanta. Wasu dillalai da inci suke rubuta awo, inda 0.25 ke zama .010, 0.50 ke zama .020, 1.00 kuma .040, sannan wasu suna fara rubuta awon kiranshaf, wasu kuma na bulok. Lambobi iri ɗaya a jere daban suna nufin kaya daban, wanda zai shiga kwali ya iso lafiya amma ba zai shiga inji ba. Saboda haka aka rubuta odar da cikakkun kalmomi, kowane awo da sunan abin da yake aunawa, aka nemi dillalin ya maimaita shi a rubuce kafin ya aiko.

Famfon baƙin mai da kamshaf

Famfon baƙin mai na wannan inji kamshaf ne ke juya shi, ta hanyar wani ɗan harshe da ke shiga tsagar da ke tsakiyar giyar. Da kamfanin ya koma giya mai zurfin tsakiya a farkon shekarun 1970, tsagar ta ja baya, sai aka sauya famfon domin harshensa ya kai gare ta, aka kuma ƙara tsawon haƙoransa daga milimita 21 zuwa 26. Famfon da aka aiko na shimfiɗaɗɗiyar giya ne, kuma abin tsoro game da shi shi ne zai shiga raminsa a ɗaure shi sumul ba tare da wata alama ba. Harshensa ne kawai ba zai shiga tsagar yadda ya kamata ba, kuma ranar da ya ci ya kuɓuce injin zai ci gaba da gudu babu mai a metal. Irin wannan kaya, mai shiga amma bai dace ba, ya fi wanda ya ƙi shiga haɗari nesa ba kusa ba, domin wanda ya ƙi shiga ya tona asirin kansa tun a kan tebur.

Tsohon kamshaf ɗin ya cinye a ƙololuwar tuddansa, don haka aka sayi sabo tare da mabiyansa takwas, wato ƙarafan da ke bin tuddansa domin tura bawul, daga maƙeri ɗaya, saboda taurin fuskokinsu ya dace da juna, sannan aka zaɓi famfo a kan sabon kamshaf ɗin, ba a kan shekarar mota ko ta bulok ba. Giyoyin kamshaf na asali suna ɗauke da wata ƙaramar lamba a bayansu, irin su 0 ko +1 ko -1, mai nuna ɗan bambancin girma, don haka aka kwantar da kiranshaf da kamshaf a ɓari ɗaya na bulok aka juya da hannu, aka tabbatar haƙoran ba sa matsewa har kamshaf ya ɗago, kuma ba sa sako-sako.

Ƙananan robobi biyu da ke ƙarƙashin na'urar sanyaya baƙin mai su ma sun buƙaci natsuwa. Hanyar mai a bulok ɗin 1970 zuwa sama milimita 10 ce, ta tsohuwar na'urar 1968 kuwa 8, don haka sai roba ta musamman mai faɗi a gefe ɗaya da ƙunci a ɗayan. Ƙunshin gasket yakan zo da robobi iri-iri a leda ɗaya ba tare da bayani ba, kuma wadda ba ta dace ba ko dai ta yi yoyo a wurin da ba a kai wa gare shi sai an sake kwance rumfar fanka, ko ta murƙushe ta toshe hanyar man.

Fistin, kawunan silinda da zafi

Abin mamaki, fistin da silinda masu milimita 83 da aka saya a makance sun yi amfani. Silindar 1500 da ta 1600 faɗinsu na waje ɗaya ne a inda suke shiga bulok da inda suke shiga kai, don haka ana iya saka kowacce. An yi muhawara a kan ko a bar injin a 1600 tun da haka aka same shi, amma aka koma 83 saboda dalilai biyu: kafireton da ke kai an daidaita shi ne da injin 1500, sannan tsohuwar rumfar fanka tana ɗauke da na'urar sanyaya mai a cikinta, a daidai hanyar iskar da ke zuwa silindar hagu, abin da ya sa silinda ta 3 ta fi sauran zafi. Sai a ƙirar 1971 kamfanin ya fitar da na'urar zuwa wani ɗaki nata a bayan rumfa ya kuma faɗaɗa fanka. Wanda ya zaɓi riƙe tsohuwar rumfa domin kamanni bai kamata ya ƙara wa injin girman da zai ƙara masa zafi ba.

Kawunan silinda ba su da tsaga tsakanin mazaunin bawul da ramin filogi, wurin da suka saba tsagewa, amma da aka cika ɗakin ƙonewar kowanne da ruwa aka auna, sai aka ga ya gaza na asali, alamar an taɓa fere su. Fere kai yana ƙara matsi, ƙarin matsi kuma ƙarin zafi ne a injin da iska kaɗai ke sanyaya shi. Aka lissafa kaurin zoben da za a saka a gindin kowace silinda domin matsin ya dawo kusa da 7.5 bisa 1 na injin H. Bawul na shiga masu milimita 35.5 sun wuce gwaji, na fita masu 32 kuwa aka sauya su duka ba tare da jayayya ba, domin su ne ke shan wuta, kuma idan kan ɗaya ya tsinke ya faɗa kan fistin, duk aikin da aka yi ya tashi a banza.

Distiribita da sauran ƙananan kaya

Kafireto da distiribita a waɗannan injina abokan juna ne, an tsara kowanne da ɗayan a rai. Solex 30 PICT-2 yana da ƙofar zuƙar iska da aka yi domin distiribitar da ke gabatar da wuta da wannan zuƙar kaɗai, 009 kuwa da saurin juyawa kawai take aiki, shi ya sa motar ke yin jinkiri idan aka taka totur daga tsaye. Aka nemo tsohuwar distiribita mai lambar da ta dace da kafireton aka sake gina ta. Irin waɗannan tsofaffi an yi su ne suna jinkirta wutar silinda ta 3 da 'yan digiri kaɗan domin rage mata zafi, don haka dole wayar silinda ta 1 ta zauna daidai da tsagar da ke bakin distiribitar, in ba haka ba jinkirin ya faɗa wa wata silindar.

Famfon fetur da aka aiko daidai ne, tsayayye na injin janareto, amma sandar da ke tura shi da aka tarar a injin mai milimita 100 ce ta famfon altaneta, shi kuwa yana buƙatar mai 108. Farantin kuloci mai zobe a tsakiya shi ma daidai ne, domin akwatin giya yake bi ba inji ba, giyar kuma ta 1968 ce. Marar zobe na giyar 1971 zuwa sama ne. Fulawil mai haƙora 130 na bolt 12 ne, ba mai 109 na zamanin bolt 6 ba, kuma lafiyarsa ƙalau.

Daga ina kayan suka fito

Lambar kayan Volkswagen alƙaluma tara ce kashi uku, sau da yawa da harafi a ƙarshe. Ukun farko suna nuna motar da aka fara tsara kayan dominta, na huɗu yana nuna rukuni, inda 1 ke nufin inji, harafin ƙarshe kuma yana nuna sauyin da aka yi wa kayan. Saboda haka ganin 311, lambar wani nau'in mota daban, a kan kwanrod na Beetle, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, mai lamba 311 105 401 B ba kuskure ba ne, amma bambancin harafi ɗaya a ƙarshe yana iya zama bambanci tsakanin abin da ya dace da wanda bai dace ba. Haka kuma lambar da aka zuba a jikin ƙarfe ba koyaushe take zama ɗaya da ta littafin oda ba. Lamba tana taƙaita bincike, amma awo ne ke rufe shi.

Ba a ɗauki hanya ɗaya wajen samo kayan ba, kowane iri da inda ya fi kyau. Fistin da metal da gasket an fi son na kamfanonin da suka daɗe suna yi wa masana'antun mota irin waɗannan kaya, kamar Mahle da Kolbenschmidt da Elring. Tsofaffin kayan asali da suka kwana a kwali shekara da shekaru ba a taɓa amfani da su ba suna da daraja idan ƙarfe ne kuma bai yi tsatsa ba, amma duk abin da yake roba ne, kamar robar bakin kiranshaf ko fatar cikin famfon fetur, sabo aka nema, domin roba tana bushewa ko ba a taɓa ta ba, kuma tsohuwar ba a yi ta domin fetur mai haɗin etanol ba. Kayan da aka ƙera domin injinan Burazil da Meziko na kamfanin ne na gaske, sai dai da yawansu na injinan baya-bayan nan ne, don haka kasancewarsu na asali ba ya nufin sun dace da haɗin da ke hannu. Gwangwanayen da ke jagorantar iska, da ƙyamaren rumfa da sandunansu, tsofaffi na asali aka nemo aka goge aka yi musu fenti, saboda sun fi zama daram a jikin inji, kuma duk ɓular da aka bari tsakanin gwangwani da gwangwani hanya ce da iskar sanyi za ta tsere ko ta zafi ta komo. Tamostat, wanda ke buɗe ƙyamaren a tsakanin digiri 65 zuwa 70, an gwada shi a ruwan zafi kafin a ɗaura shi. Cire shi da mutane ke yi da sunan ƙara sanyi kuskure ne da ya yaɗu, domin injin da ya daɗe bai ɗumama ba yana cin silindarsa, ƙyamaren kuma ko a buɗe suke suna karkatar da iska zuwa kawunan silinda.

Haɗawa da sakamako

Babu kayan da ya shiga injin daga kwali kai tsaye. An wanke sababbin silinda, an saka kowane ringi a cikin silindarsa an auna tazarar bakinsa, wadda ya kamata ta faɗa tsakanin milimita 0.30 da 0.45 ga na matsi, an auna nauyin fistin huɗun a kan sikeli, kuma an tabbatar kibiyar da ke kan kowanne tana kallon fulawil. An wanke hanyoyin mai na bulok sosai bayan yanka, domin wannan inji ba shi da matatar mai sai raga kawai, kuma lita 2.5 ce duk abin da yake ɗauka, don haka ɓurɓushin ƙarfen da ya rage a ciki kai tsaye zai tafi sabon metal. Tafiyar kiranshaf gaba da baya an daidaita ta da siraran zobba uku a bayan fulawil har ta faɗa tsakanin milimita 0.07 da 0.13, aka saita bawul a 0.15 injin yana da sanyi.

Kafin a ba shi wuta an cire filogi an juya shi da sitata har fitilar baƙin mai ta mutu. Da ya tashi aka riƙe shi a matsakaicin gudu na ɗan lokaci domin kamshaf da mabiyansa su saba da juna, sannan aka juye man aka duba ragar, aka sake saita bawul bayan ya huce. Hayaƙin ya ɗauke, fitilar ba ta ƙara ƙiftawa da zafi ba, jinkirin totur ma ya tafi tare da tsohuwar distiribitar. Metal na awon asali da famfon shimfiɗaɗɗiyar giya an mayar wa dillalin a kwalinsu.

Bakaniken ya rubuta wa mai motar takarda da za ta zauna tare da takardun motar: bulok AD mai bawul biyu, an yanka zuwa 66 da kafaɗa 21, kiranshaf a ragin 0.50, silinda 83 da kaurin zoben gindinsu, nau'in giyar kamshaf da famfon da ya dace da ita, robar na'urar sanyaya mai ta 10 zuwa 8, sandar famfon fetur 108, farantin kuloci mai zobe, da lambar distiribita. Ya kuma ƙara masa bayanin cewa kiranshaf ɗin zai iya ɗaukar wasawa zuwa 0.75 nan gaba, amma idan ramukan bulok suka sake cinyewa, gara a fara neman wani bulok mai lafiya tun kafin a yi maganar sake yanka wannan.